Amsoshin Tambayoyinku: Bayan Girafin, Sai Me?

Tambayarmu ta yau ta fito daga wani mai sauraronmu a Michika, jihar Adamawa. Yana cewa, bayan girafin, akwai wasu sinadarai masu matuƙar siranta irinsa?

To Malam, akwai su da dama. Girafin dai an ɓanɓaro shi ne daga irin sinadarin da ake yin bakin fensir da shi a Jami'ar Manchesta a 2004. Matsalarsa, wuta tana bi ta cikinsa ba ta katsewa, alhali na'urar kwamfuta sai da kunnawa da kashewa.

Shi ya sa masana suka koma kan molibdinum disalfaid, sinadarin da ake sawa a baƙin girisin da makanikai ke shafa wa ƙarafan mota. Zubinsa falle-falle ne kamar ɓawon albasa. A 2011 Andras Kis da abokan aikinsa a Lozan ta Suwizalan suka ƙera tiransista, wato ɗan makunnin da ke kunna wuta da kashe ta, da falle ɗaya nasa. A 2025 kuma Jami'ar Fudan a Sin ta haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta mai tiransista 5,900 da shi.

Jan aikin da ya rage shi ne samar da faffaɗan falle marar tabo, da araha.