BABI NA TARA: YADDA DODANNIN ƘAGAGGUN LABARAI SUKA SAMI SURA A WASANNI DA ZANE-ZANE

9.0 Gabatarwa

A duk lokacin da mai ba da tatsuniya ta ce "sai ga dodo", ba a cika samun yaron da zai tsayar da ita ya tambayi launin fatar dodon ko yawan haƙoransa ba. Abin da tatsuniya ke bayarwa kaɗan ne: gashi buzu-buzu, ƙatuwar murya, da cikin da ke haɗiye mutum ɗungurungum. Sauran kamannin kuwa kowane mai sauraro shi ke ƙera su a zuciyarsa. Dodannin da yara ke gani a yau a wasannin kwamfuta da na wayar hannu da finafinai ba haka suke ba, domin an riga an yanke musu sura. Wannan babi zai bi diddigin ɗaya daga cikinsu, wato ork, ƙaton nan mai koriyar fata da fiƙoƙi biyu da suka ɓullo daga haɓar ƙasa, riƙe da gatari. Manufa ita ce ɗalibi ya fahimci cewa wannan sura ba gado ba ce daga tatsuniyoyin Turawa na dauri. Marubuta da masu zane da kamfanonin wasanni ne suka harhaɗa ta a hankali, daga shekarar 1937 zuwa wajen 1994, kowa da dalilinsa.

9.1 Asalin Kalmar

Kalmar ta girmi surar nesa ba kusa ba. A tsohuwar waƙar Ingilishi mai suna Beowulf, wadda kwafinta ɗaya tilo da ya rage aka rubuta wajen shekara ta 1000 Miladiyya, an ambaci wasu miyagun halittu da kalmar orcneas sau ɗaya tak. An jera su tare da ƙatti da aljanu a matsayin zuriyar Ƙabila, ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa Habila. Waƙar ba ta faɗi kamanninsu ba. Masana na danganta gaɓar farko ta kalmar da Orcus, sunan abin bautar Rumawa mai kula da duniyar matattu.

Wanda ya tono wannan kalma ya raya ta shi ne J. R. R. Tolkien (1892–1973), malamin tsohon Ingilishi da tarihin harsuna a Jami'ar Oxford ta Ingila. A littafinsa The Hobbit (1937) ya fi amfani da kalmar goblin, wadda masu karatu suka riga suka saba da ita daga littafin George MacDonald na 1872, The Princess and the Goblin. Sai a The Lord of the Rings (1954–1955) ne kalmar ork ta kankane wuri. Abin lura shi ne, Tolkien bai taɓa cewa fatarsu kore ce ba. Ya siffanta su da gajarta, da gwamen ƙafafu, da dogayen hannuwa, da fiƙoƙi, da fata mai duhu ko mai ɗorawa-ɗorawa, da ƙin hasken rana.

9.2 Daga Dodo Zuwa Al'umma

Babban sauyin da ya auku a hannun Tolkien ba na kamanni ba ne, na adadi ne da matsayi. Nahawun Hausa zai taimaka wajen fahimtar wannan. Jam'in dodo shi ne dodanni, wato tarin halittu ɗai-ɗai, kowane a kogonsa ko a tafkinsa. Kalmar ba ta ɗaukar ɗafa-ƙeyar -awa da ke nuna al'umma, kamar a Kanawa ko Katsinawa ko Larabawa. Halittun Tolkien kuwa, da za a Hausantar da sunansu yadda ya dace da matsayinsu, sai a ce Orkawa, domin suna da harshe, da sarakunan yaƙi, da ƙabilu masu gaba da juna, har da maƙera. Ke nan an tashi daga mugun abu guda ɗaya an koma ga al'umma sukutum wadda babu na kirki a cikinta.

Dalilin wannan a fili yake ta fuskar tsarin labari. Labarin yaƙi yana buƙatar abokan gaba masu yawa waɗanda tauraro zai karkashe ba tare da mai karatu ya ji tausayinsu ba. Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon, kuma shi kansa marubucin ya ji ciwon. A littafin The Silmarillion, wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1977 bayan rasuwarsa, an nuna cewa mugun sarki Morgoth ne ya kama wasu kyawawan halittu da ake kira elf, ya azabtar da su har suka rikiɗe suka zama Orkawa. Rubuce-rubucen da ya bari sun nuna ya yi ta sake tunani a kan wannan asali har ƙarshen rayuwarsa, saboda tambayar da ta tsaya masa a rai: halittar da ke magana, tana da hankali, yaya za a ce an haife ta ba ta da hanyar shiriya?

Akwai kuma wata wasiƙa da ya rubuta a 1958, lokacin da ake shirin mayar da littafinsa fim, inda ya kwatanta kamannin Orkawa da gurɓatacciyar surar mutanen Mongoliya kamar yadda idon Bature ke ƙyamarta. Wannan kwatanci ne ya fi jawo masa suka. Masu kare shi suna nuni da wasiƙun da ya aika wa ɗansa a 1944, inda ya ce a yaƙin gaske akwai Orkawa a kowane ɓangare, da kuma jawabinsa na bankwana da jami'a a 1959, inda ya la'anci wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, ƙasar da aka haife shi. Duka hujjojin biyu gaskiya ne, kuma bai kamata ɗalibi ya riƙe ɗaya ya yar da ɗaya ba. Marubuci na iya ƙin wariya da zuciya ɗaya, amma alƙalaminsa ya ɗebo kamannin mugu daga rumbun da zamaninsa ya tara.

9.3 Zamanin Hancin Alade

A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Wasa ne da ake yi a kan tebur: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani tauraro, ana jefa ƙwaya mai lambobi irin ta wasan ludo domin sanin wanda sararsa ta ci. Sun ɗebi halittu da dama daga littattafan Tolkien. Da masu riƙe da haƙƙin fim da na kayan kasuwanci na waɗannan littattafai suka yi barazanar zuwa kotu a 1977, sai kamfanin TSR mai buga wasan ya sauya wasu sunaye, misali hobbit ya koma halfling. Sunan ork bai sauya ba, tun da kalmar ta girmi Tolkien, babu mai iya cewa tasa ce.

A wannan shekara ta 1977 kamfanin ya buga Monster Manual, kundin da ya tattara dodanni fiye da 350, kowane da bayanin ƙarfinsa da halinsa, mafi yawansu da hoto. Mai zane David Sutherland ya ba ork kai irin na alade, da dogon hanci. Irin wannan sura ta riga ta bayyana a kalandar Tolkien ta 1976 wadda 'yan'uwan nan biyu masu zane, Greg da Tim Hildebrandt, suka yi. Amurka da Turai sun bar wannan sura daga baya, amma ta yi saiwa a Japan, inda har yanzu wasanni da zane-zane da yawa ke nuna ork da kan alade ko na gadu. Haka ya faru ga kobold, wani ɗan aljanin gida da na ramin haƙar ma'adinai a camfin Jamusawa: kundin 1977 ya ba shi fuska mai kama da ta kare, bugun wasan na shekara ta 2000 ya mayar da shi ɗan ƙadangare, Japan kuwa ta riƙe karen.

Wasu dodannin kundin ma ba su da wata tatsuniya a bayansu ko kaɗan. Waɗanda suka yi aiki da Gygax sun ba da labarin cewa dodon da ke sa ƙarfe tsatsa, da wani mai jikin dabbar beyar da kan mujiya, an samo su ne daga wata jakar 'yan kayan wasan yara na roba masu araha da aka yi a Hong Kong. A nan hoto ne ya riga labari zuwa. Akasin haka shi ne gul, wanda ya fito daga tatsuniyoyin Larabawa a matsayin aljanin sahara mai rikiɗa, ya shiga Turai ta fassarar Faransanci da Antoine Galland ya yi wa littafin da Hausawa suka sani da Dare Dubu da Ɗaya tsakanin 1704 da 1717, sannan wasanni suka mayar da shi gawa mai tafiya.

Abin da ya fi hoto tasiri a kundin shi ne jadawali. Kowace halitta an rubuta mata ɗabi'a, ta kirki ko muguwa, kamar yadda aka rubuta mata girma da sauri. Mugunta ta zama sifar jinsi, ba aikin da mutum ya zaɓa ba. A wani labarin wasa da Gygax ya rubuta a 1979, The Keep on the Borderlands, taurari kan kutsa kogunan dodanni su tarar da mata da ƙanana a ciki. 'Yan wasa sun daɗe suna gardama a kan abin da ya halatta a yi da waɗannan ƙanana, gardamar da ba za ta taɓa tasowa game da dodon tatsuniya ba.

9.4 Yadda Kore Ya Shigo

Koren launi daga Ingila ya yaɗu. A 1983 kamfanin Games Workshop ya fitar da Warhammer, wasan yaƙi da ake yi da 'yan ƙananan mutum-mutumi na dalma, waɗanda mai wasa ke saye ya shafa musu fenti da hannunsa. Rundunar da ke kan tebur tana buƙatar a gane ta daga nesa, kuma mutum-mutumin da bai wuce gaɓar yatsa ba dole a zuzuta masa haɓa da fiƙoƙi da damatsa kafin ido ya kama su. Kafin ƙarshen shekarun 1980 kore ya zama launin Orkawan kamfanin, aka kuma ba su halin barkwanci da son faɗa don faɗa kawai.

Wasan kwamfuta na Warcraft: Orcs & Humans, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 1994, ya ɗauki wannan sura ya kai ta gidajen da ba su taɓa ganin wasan tebur ba. Ya kuma ba mai wasa damar ya yi yaƙi a ɓangaren Orkawa. A Warcraft III (2002) an ba su tarihi na daban: jarumai ne masu dattako waɗanda shaiɗanu suka yaudara, daga baya kuma tsarin labarin ya nuna cewa asalin fatarsu ruwan ƙasa ce, sihirin shaiɗanun ne ya mayar da ita kore. A daidai wannan lokaci finafinan Peter Jackson na The Lord of the Rings (2001–2003) suka koma ga munanan Orkawa masu duhun fata. Saboda haka mai kallo a farkon wannan ƙarni yana da surori uku na halitta ɗaya: mai hancin alade, da koren jarumi, da mummunan sojan mugun sarki.

9.5 Gyaran Baya-bayan Nan

A watan Yuni na 2020 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya mallaki Dungeons & Dragons tun 1997, ya amsa a fili cewa yadda aka siffanta Orkawa da wasu jinsuna a wasan ya yi kama da yadda aka daɗe ana ƙasƙantar da wasu al'ummomin duniya na zahiri. A Disamba 2022 ya sanar da daina amfani da kalmar Ingilishi mai nufin launin fata wajen rarraba halittun wasan, ya maye ta da wadda masana kimiyyar halittu ke amfani da ita wajen rarraba dabbobi. Littafin 'yan wasa na 2024 ya sa ork cikin jinsunan da mai wasa zai iya zaɓa ya zama tauraro. Wasu masu sha'awar wasan sun ƙi wannan gyara, suna cewa ork ƙage ne, ba ya wakiltar kowa. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuska ɗaya, amma ba ta amsa batun kalmomin siffantawa ba. Kalmomin da tsofaffin kundaye suka yi amfani da su, irin su dabbanci da ƙarancin hankali da yawan haihuwa da rashin iya gina gari, su ne waɗanda rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka suka yi amfani da su a kan mutanen Afirka da Asiya. Ɗalibin da ya karanta irin waɗancan rubuce-rubuce a darasin tarihi ba zai sha wahalar gane su ba.

9.6 Aikin Aji

Malami zai iya karanta wa 'yan ajinsa tatsuniya ɗaya mai dodo, ya umarci kowa ya zana dodon ba tare da duba na maƙwabcinsa ba. Bayan an liƙa zane-zanen a bango, sai a ware sifofin da tatsuniyar ta ambata da bakinta daga waɗanda yara suka ƙara, a tambayi kowane yaro inda ya samo ƙarin nasa, ko daga kaka, ko daga fim, ko daga wayar hannu. Ya kamata malami ya lura musamman da launin da yara suka zaɓa wa dodon, da tufafi ko zanen fuska idan sun sa masa, ya kuma tambayi dalili ba tare da tsawa ba.

Tambayoyi

1. Yi bayanin bambancin da ke tsakanin dodo na tatsuniyar Hausa da ork na littattafan Tolkien ta fuskar adadi da matsayi a cikin labari.

2. Kawo misali ɗaya daga wannan babi inda hoto ya riga labari samuwa, da misali ɗaya inda kalma ta riga hoto.

3. Zaɓi tatsuniya ɗaya daga garinku, ka fitar da dukkan kalmomin da aka siffanta dodo da su, sannan ka nuna waɗanda ke bayyana kamanni da waɗanda ke bayyana hali.