Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Ragamala na Indiya

Wani mai sauraro daga Damagaram ya aiko da tambaya: wai da gaske ne Indiyawa na zana kiɗa a takarda?

Gaskiya ne, kuma sunan wannan fasaha Ragamala. A kiɗan gargajiyar Indiya kowane salo, wato raga, yana da lokacinsa na yini ko na shekara. Daga ƙarni na 16 zuwa na 19, masu zane a fadojin Rajasthan da Dekkan sun riƙa siffanta salon nan kamar mutane. Galibi akan zana maza 6, kowanne da matansa 5, shafi 36 ke nan. Wani mai zane, Nasiruddin, ya yi shahararren kundi irin wannan a garin Chawand a 1605.

Shafin Vasant, na lokacin da sanyi ke ja da baya itatuwa su yi toho, ya fi sauran armashi. A nan ake ganin Krishna, abin bautar mabiya addinin Hindu, yana tiƙar rawa, 'yan mata na kaɗa masa ganga a ƙarƙashin mangwaro mai fure, wani zubin suna watsa wa juna ruwan launi. Wannan shi ne bikin Holi da masu kallon finafinan Indiya suka sani.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.