GODIYA 'YAR ƊANƊANO CE: DARASI A KAN GIDA, ABINCI DA TAFIYA



Yabo da godiya su tabbata ga Allah, Mai ciyarwa ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwana masu albarka, akwai wata tambaya da nake so mu yi wa kanmu yau. Bahaushe ya fi kowa iya cewa "sai godiya". Yaya gida? Sai godiya. Yaya kasuwa? Mun gode Allah. To amma me ya sa baki ya cika da hamdala, zuciya kuma ta cika da ƙorafi?

Malamai sun ce godiya rukuni uku gare ta: zuciya ta gane ni'imar, harshe ya ambace ta, gaɓɓai su yi aikin alheri da ita. Mu kuwa na biyun muka riƙe, muka saki na farkon. Wanda bai tsaya ya ji daɗin abin da aka ba shi ba, da me zai gode? Shi ya sa nake cewa godiya 'yar ɗanɗano ce.

Mutane iri biyu ne suka rasa wannan ɗanɗanon. Na farko yana ganin jin daɗi sai mai kuɗi, don haka ya jingine farin cikinsa sai ranar da ya gina bene. Na biyu yana ganin tsoron Allah shi ne murtuke fuska, wai in ka yaba miya ko ka yi dariya da iyalinka ka zama ɗan duniya. Rayuwar Manzon Allah (SAW) ta warware duka biyun.

Tirmizi ya ruwaito daga Ubaidullahi bin Mihsan (RA) cewa Annabi (SAW) ya kwatanta wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, da mutumin da aka tattara masa duniya gaba ɗaya. In kana ganin abubuwan nan uku ƙanana ne, ka tambayi 'yan uwanmu da ke sansanin gudun hijira a Borno, ko mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da suka sha kwana a daji saboda 'yan bindiga. Allah Ya kawo musu ɗauki.

NA FARKO: GIDA

Suratun Nahli, wadda wasu magabata ke kira surar ni'imomi, a aya ta 80 ta lissafa gida cikin kyautar Allah, ta kira shi wurin natsuwa. Ba ta ce gidan siminti ko na laka ba. Natsuwar ce ni'imar, ginin kuwa mazubi ne kawai.

Amma ayar da ta fi tsaya mini a rai a surar ita ce ta 6. Allah yana lissafa amfanin dabbobin gida: abin ɗumama jiki, nama, ɗaukar kaya. A tsakiyar lissafin sai Ya ambaci ƙawar da ke gare su lokacin da ake koro su gida da yamma, da lokacin da ake fita da su kiwo. Dubi fa, kyan gani ma Allah Ya ƙidaya shi a matsayin ni'ima mai zaman kanta. Malaman tafsiri sun ce an fara ambaton dawowar yamma ne saboda a lokacin cikinsu ya cika, hantsarsu ta kawo. Duk wanda ya tashi a karkara ya san wannan hoton: ƙura ta tashi, rana ta yi ja, 'yan maruƙa suna kuka, awaki kowacce ta nufi ƙofar gidansu ba tare da an nuna mata ba.

Yaya Annabi (SAW) yake a cikin gida? Muslim ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha (RA) abin da yake fara yi in ya shigo, ta ce asuwaki. Wato yana gyara bakinsa don iyalinsa. Bukhari kuma ya ruwaito ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Sannan da wani mutum ya nuna damuwa cewa mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, ko hakan girman kai ne, Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Wannan yana cikin Muslim daga Ibnu Mas'ud (RA).

To ina kuɗi a nan? Tsakar gida da aka share aka yayyafa wa ruwa, tabarma a inuwar darbejiya, turaren wuta a kasko, randa da aka wanke aka rufe da faifai, zanin gado mai tsabta. Nawa aka kashe? A zaman sulhun ma'aurata da nake halarta, sau da yawa ba yunwa ce ke kawo ƙara ba. Abin da na fi ji daga bakin mata shi ne: "Malam, ba ya zama." Daga kasuwa sai majalisa, daga majalisa sai barci. Ya kai maigida, dariyar da kake rabawa a majalisa kyauta, iyalinka sun fi abokanka haƙƙi a kanta.

NA BIYU: ABINCI

A Suratu Abasa, daga aya ta 24, Allah Ya umarci mutum ya dubi abincinsa, sannan Ya bi da shi tun daga saukar ruwa, da tsagewar ƙasa, har fitowar ƙwaya da 'ya'yan itace. Bari mu gwada wannan umarnin a kan kwanon fura guda.

Wani ya yi shuka bayan ruwan farko, yana addu'a kada ruwa ya ɗauke. Ya yi noma, ya yi maimai, ya jira kusan wata 3, ya yi faɗa da tsuntsaye. Aka girbe, aka ɗaure dami, aka sussuka, aka sheƙe. Wata baiwar Allah ta surfa, ta wanke, aka niƙa da citta da kanumfari, ta dunƙula ta dafa, ta kirɓa a turmi, ta cura. Can a ruga kuma wata ta tatsi saniya, nono ya kwana ya yi tsami, ta ɗauko ƙwarya a ka ta yi tafiyar ƙasa zuwa gari. Duk wannan rundunar Allah Ya tara maka a ludayi ɗaya. Kai kuma ka shanye kana latsa waya, ko ɗanɗanonta ba ka ji ba.

Annabi (SAW) yana jin daɗin abinci, kuma ba ya ɓoyewa. Nana A'isha ta ce yana son kayan zaƙi da zuma. Anas (RA) ya ba da labari, a Bukhari, cewa wani maɗinki ya gayyace su, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama, ya ga Annabi (SAW) yana bibiyar kabewar a gefen akushi. Anas ya ce tun daga ranar shi ma yake son kabewa. A Muslim kuma, Jabir (RA) ya ce wata rana Annabi (SAW) ya nemi mahaɗi a gida, aka ce babu komai sai khal, wato wani ruwa mai tsami. Ya karɓa ya ci da shi yana yabonsa, yana maimaitawa. Ka yi tunanin zuciyar matar da ta ce "babu", ta ji ana yabon ɗan abin da ta kawo.

Abu Huraira (RA) ya ce Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ina magidantan da ke ture kwano saboda gishiri ya ɗan yi yawa? Ta yini a gaban murhu, hayaƙi ya cika mata ido, ba "sannu da aiki", ba "Allah Ya yi albarka". Ranar da aka samu kuskure kuwa har maƙwabta sai sun ji. Haba ɗan uwa!

Kada wani ya ce ai su suna da wadata. Nana A'isha ta gaya wa ɗan 'yar uwarta Urwatu cewa sukan ga jinjirin wata sau 3 a cikin wata 2 ba a hura wuta ba a gidajen Annabi (SAW). Dabino da ruwa ne abincinsu, sai ɗan nonon da maƙwabta Ansar ke aikowa. A wannan gidan ne aka koya wa duniya yabon abinci.

Ga ribar kuma: Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Allah Yana yarda da bawan da zai ci loma ya gode Masa, ya sha kurɓi ya gode Masa. Yardar Allah fa, wadda ita ce ƙololuwar abin nema, ga ta a bakin ɗumamen tuwo da miyar kuka. A hadisin Sa'adu bin Abi Waƙƙas (RA) kuma, har lomar da mutum zai sa a bakin matarsa don Allah yana da lada a kai. Da wasu sahabbai suka koka cewa suna ci ba sa ƙoshi, abin da Annabi (SAW) ya nuna musu, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, shi ne su daina ci a rarrabe, su haɗu a kan abincin su ambaci sunan Allah. Tiren nan guda da iyayenmu ke tara yara a kai, ashe sunna ce muke neman saki.

NA UKU: TAFIYA

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, amma fa ga wanda ya buɗe ido. Suratul Ankabut aya ta 20 ta umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah Ya fari halitta. Suratu Faɗir aya ta 27 ta ja hankalinmu har kan launin duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin.

Ba sai ka yi biza ba. Wanda ya taso daga Kano zuwa Zariya zai ratsa gonakin rani na Kura da Kadawa, kore shar a tsakiyar bazara, da ruwan madatsar Tiga. Mai zuwa Gusau daga Funtuwa zai wuce duwatsun Kwatarkwashi. Mai shiga Abuja daga Kaduna zai ga Dutsen Zuma, wanda aka sa hotonsa a takardar naira 100. A Lakwaja manyan koguna biyu, Neja da Binuwai, suke haɗuwa. Mutum nawa ne suka wuce waɗannan ayoyin kansu a sunkuye?

Jabir (RA) ya ce in sun hau tudu sukan yi kabbara, in sun gangara su yi tasbihi. Ka ga hanyar kanta ta zama carbi. Annabi (SAW) yana dawowa daga tafiya ya hango Uhudu, sai ya bayyana cewa dutsen yana son su, su ma suna son sa. A wata tafiyar ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi; bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake ya wuce ta, yana dariya yana tuna mata na farkon. Ruwan sama ya taɓa samun su, Anas ya ga ya ɗan yaye tufarsa don ruwan ya taɓa jikinsa, saboda sabon zuwa ne daga Ubangijinsa.

Tare da haka, ya kira tafiya wani yanki na azaba, ya ce wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa wurin iyalinsa. Shi da kansa in ya hango katangun Madina yakan zaburi abin hawansa saboda son ta. Wannan ita ce babbar tsarabar matafiyi: ya dawo ya ga gidansa da sabon ido. Gadon da ka raina, sai ka kwana a tasha kake sanin darajarsa.

GARGAƊI GUDA UKU

1. Wannan darasin ba mafakar marowaci ba ne. Kada wani ya karanta wa matarsa hadisin khal alhali aljihunsa na da nauyi. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 7 ta ce mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa. Haka nan ba hujja ba ce ga shugaban da ya tauye haƙƙin talaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon masara da kuɗin mota suka koma. Godiya ga Allah daban, neman haƙƙi ta hanyar da ta dace daban, ɗaya ba ya hana ɗaya.

2. Jin daɗi yana da iyaka. Suratul A'araf aya ta 31 ta halatta ci da sha ta hana ɓarna, aya ta 32 kuma ta yi inkarin masu haramta ƙawa da daɗaɗan abincin da Allah Ya fitar wa bayinSa. Tsakanin ayoyin nan biyu Musulmi yake tafiya. Kuma akwai tambaya: ranar da yunwa ta fito da Annabi (SAW) da Abubakar da Umar (RA), wani Ba'ansare ya ba su dabino da nama da ruwa, suka ƙoshi, sai ya tuna musu cewa za a tambaye su wannan ni'imar ranar ƙiyama.

3. Babban ɓarawon ɗanɗano shi ne leƙen kwanon wani. Ki ga falon wata a hoto, naki ya koma miki kango. Ka ga motar abokinka, babur ɗin da ke ciyar da 'ya'yanka ya zama abin kunya. Annabi (SAW) ya ba mu magani a hadisin Muslim: mu riƙa duban na ƙasa da mu, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga aikin da nake ba kaina da ku a wannan makon. Ku ci abinci sau ɗaya a yini tare da iyali, waya tana ɗaki. Ka yabi abu guda a girkin da aka kawo maka, ka kama sunansa, ko daddawar ce ko laushin tuwon. Ke ma 'yar uwa, ki yaba ledar da ya shigo da ita ko ta ɗari biyar ce. In kuma hanya ta kama ka, ka ɗaga kai ka duba ta taga, in an hau tudu ka yi kabbara.

Ya Allah Ka ɗanɗana mana zaƙin abin da Ka ba mu tun yana hannunmu, kada Ka sa sai ya kuɓuce mu san darajarsa. Ka ciyar da mai jin yunwa, Ka mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ka tsare matafiyanmu, Ka sanya natsuwa a gidajenmu. Amin.

Wallahu a'alam.