Matakan Kare Murya Ga Mawaƙi Lokacin Hunturu

Da an kammala girbi a Giade da sauran ƙasar Katagum, sai bukukuwan aure su kankama, daidai lokacin da hunturu ke saukowa da ƙura da busasshiyar iska. A nan ne muryar mai bege da mawaƙin biki da zabiya ta fi dashewa. Murya tana fitowa ne daga wasu tantani biyu a maƙogwaro, masu kaɗawa suna haɗuwa fiye da sau 100 a daƙiƙa guda. In sun bushe aka matsa musu, sai su kumbura. In aka ci gaba, su yi kanta irin ta hannun manomi. Ga yadda za ka kiyaye su.

1. Fara shan ruwa tun jajibiri. Sha kamar lita 2 a yini, wato ruwan leda 4, kaɗan-kaɗan. Kada ka bari sai za ka karɓi makirufo, domin ruwa na ɗaukar awanni kafin ya amfani maƙogwaro.

2. Ci abincin dare da wuri. Bar awa 3 tsakanin ci da kwanciya, ka rage yaji da maiƙo. Ƙwannafi na hawowa cikin barci ya ƙona maƙogwaro. Taba da shisha kuwa, ka rabu da su.

3. Da safe yi sirace da ruwan zafi zalla na minti 10. Kada ka kusanta fuskarka sosai, tururi na ƙuna. In za ka hau babur zuwa Azare ko wani ƙauye, rufe hanci da baki da rawani ko takunkumi.

4. Ɗumama murya minti 10 kafin ka fara. Rufe baki ka yi gunji a hankali, daga ƙasa ka hau sama, ka sauko. Kada ka buɗe da waƙar da ta fi tsayin murya.

5. Gwada lasifika kafin jama'a su taru. Ka tabbatar kana jin kanka, in ba haka ba za ka yi ta gasa da makaɗa. Jawo numfashi daga ciki, kada jijiyoyin wuya su tashi. Matsa nesa da hayaƙin janareta.

6. Huta tsakanin waƙoƙi, ka bar 'yan amshi su ɗauka. In majina ta tsaya, kurɓi ruwa ka haɗiye, kada ka yi ta kakari. Alawa mai sanyaya maƙogwaro ɓoye zafi take yi, ba magani ba ce.

7. Da an tashi, yi shiru. Guji hira cikin hayaniya. In muryar ta shaƙe, kada ka yi raɗa, ita ma tana gajiyar da tantanin. Ruwan ɗumi da zuma na lallashin maƙogwaro, amma hutu da barci ne ke rage kumburi.

8. San lokacin ganin likita. In murya ta ɗauke farat ɗaya kana cikin waƙa, tsaya nan take. Zubar jini a tantanin murya ce ta kai mawaƙiyar Ingila Adele ga tiyata a 2011. In dashewa ta wuce mako 3, ko ka ga jini, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, je asibitin tarayya na Azare ka nemi a haɗa ka da likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kada ka sayi ƙwayar buɗe murya a kemis don ka cika alkawarin biki. Gara ka ba mai biki haƙuri yau da ka rasa sana'arka gaba ɗaya.