Giwayen Yankari

Yara, ku dubi hoton nan. Ni na ɗauke shi lokacin hutu, da na tafi Nijeriya, jihar Bauci. Can akwai wani babban daji, sunansa Yankari. Tun shekarar 1956 aka keɓe shi domin namun daji. An hana farauta cikinsa.

Da sassafe muka shiga mota tare da mai gadin daji. Muka ga ɓauna da gwanki da gyado. Birai kuwa ba su ƙirguwa. A bakin kogin Gaji muka iske giwaye suna shan ruwa. Mai gadi ya ce mu yi shiru. Hannuna yana ta rawa, shi ya sa hoton ya karkace!

Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kuma ɗa guda take haifuwa. In maharba suka kashe ta saboda haure, garke yakan daɗe bai maida gurbinta ba. A da giwaye suna zuwa dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi. Mu nan Tasawa, sai cikin tatsuniya muke jin labarinsu.

Tambayoyi
1. Ina Yankari yake?
2. Don mi garken giwaye ba ya saurin yawa?
3. Ku tambayi kakanninku namun dajin da suka gani da idonsu.