Darasin Fiƙihu: Kabarin Iyaye Ba Kayan Gado Ba Ne

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata rigima da take raba zumunci a yau, wato jayayya a kan filin da dangi suke binne mamatansu. Ka karanta, sannan ka karanta wa mutanen gida.

Ga misali. Wani dattijo ya ware gefen gonarsa, aka binne mahaifansa da matarsa a wurin. Ya rasu ya bar 'ya'ya maza 3 da mata 2. Gari ya faɗaɗa, fili ya yi tsada. Babban wa ya ce a sayar a raba kuɗi, ƙanensa ya ce sai dai bayan ransa. To, me Shari'a ta ce?

Na farko, malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, sun ɗauki kabari a matsayin hubusi ga wanda yake cikinsa. Ba a taka shi, ba a tone shi muddin akwai sauran mamacin a ciki. Saboda haka gurbin da aka riga aka yi binniya ya fita daga rabo, ko da duk magada sun haɗa baki.

Na biyu, sauran filin da ba a binne kowa ba. A nan alƙali zai tambaya: shin marigayin ya yi wakafinsa ne? In ya yi, ya kuma sake shi daga hannunsa tun yana da lafiya, shi ke nan, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado, kamar wakafin da Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara. In kuwa da baki kawai ya faɗa, bai sake shi ba har ya rasu, Risala ta Ibnu Abi Zaid ta nuna filin ya koma gado. In a ciwon ajali ya yi, ana zartar da shi daga sulusin dukiya kawai. A misalinmu, in ya koma gado, kashi 8 za a yi: kowane namiji 2, kowace mace 1. Ka lura, mata ma suna da haƙƙi, ba a yanke magana a zaure ba tare da an ji ta bakinsu ba.

Na uku, fili na tarayya ba na mutum ɗaya ba ne. Wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa, ƙane kuma ba zai binne wani a ciki ba sai da yardar sauran. Sayyidina Umar da kansa, da aka soke shi a shekara ta 23 bayan Hijira, sai da ya aika ɗansa Abdullahi neman izinin Nana A'isha kafin a binne shi kusa da Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar, domin ɗakinta ne. Halifa ma ya nemi izini, balle ni da kai.

Na huɗu, son kwanciya kusa da dangi ba laifi ba ne. Da aka binne Usmanu ɗan Maz'unu a Baƙi'a, Annabi (SAW) ya ajiye dutse don ya gane wurin, ya riƙa binne iyalansa a kusa. Amma a maƙabartar jama'a babu mai killace yanki ya ce na gidansu ne. Wanda ya riga rasuwa shi ya fi cancanta da gurbi.

In magana ta kai kotun Shari'a, wanda ya yi da'awa shi zai kawo shaidu adalai 2, in ya kasa, wanda ya musa ya yi rantsuwa. A kan tsohon wakafi, malamai sun karɓi shaidar ji, wato dattawa su ce tun tasowarsu suke jin wurin nan maƙabarta ce. Sai dai dattawa ƙarewa suke yi. Don haka, iyaye, ku rubuta wakafi, ku sa shaidu, ku kafa iyaka, ku sanar da mai unguwa. A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, sai ku nemi takardar hukuma don kada wani ya zo daga baya da tasa.

Sulhu dai ya fi. A kewaye kaburbura, a bar hanyar ziyara, a raba saura bisa adalci. Mamacin da ake rigima a kansa addu'ar 'ya'yansa yake bukata.

Tambayoyi:
1. Me ya sa ba a raba gurbin kabari a gado?
2. Yaushe wakafi yake komawa gado?
3. Mece ce shaidar ji?

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan. Amin.