Shiga Sau Ɗaya: Tsakanin Rajistar Gida da Rumbun Intanet

Wannan ɗan darasi zai duba wata dabara ta kwamfuta da masana ke taƙaita sunanta da SSO, wadda mu za mu kira "shiga sau ɗaya", tare da kalmomin da ɗalibin fassara zai nema in aikin ya faɗo hannunsa.

Mu ƙaddara makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Neja da ke Zungeru ta ajiye sunayen ɗalibai da kalmomin sirrinsu a wata babbar kwamfuta cikin harabarta. Wannan ita ce rajistar gida. Wadda ta fi shahara ita ce Active Directory, da Microsoft ya fitar tare da Windows 2000. To amma imel da manhajar darasi suna can a kwamfutocin wasu kamfanoni, watakila a Turai ko Amurka. Wasu na fassara wannan wuri da "gajimare". A ganina "rumbun intanet" ya fi, domin Bahaushe in ya ji gajimare, damina yake tunawa.

Yaya rumbun zai yarda da ɗalibin da bai sani ba? Fatake sun daɗe da warware irin wannan. Baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sarin goro a Sabon Ibadan yakan sauka wurin mai gida, shi kuma ya tsaya masa, har a yi ciniki bashi a kan amanarsa. Haka nan, idan ɗalibi ya buɗe imel, sai manhajar ta tura shi rajistar gida. Can zai rubuta kalmar sirrinsa, sau ɗaya tak. Rajistar ta ba shi takardar shaida mai hatimi, mai ƙayyadadden wa'adi, kowace manhaja kuma ta duba hatimin ta buɗe masa ƙofa. Kalmar sirrin ba ta barin gida. Ƙa'idojin rubuta takardar su ne SAML 2.0 ta 2005 da OpenID Connect ta 2014. Ranar da ɗalibi ya kammala karatu, soke sunansa a wuri guda ya isa.

Matsalarmu ita ce wuta. Madatsar ruwan Zungeru an gina ta ne don ba da megawat 700, amma wutar layin ƙasa take hawa, kuma duk makarantar da kwamfutar rajistarta ta mutu, babu mai ba da shaida. Shi ya sa wasu ke aika kwafin kalmomin sirri da aka rikiɗa su zuwa rajista ta biyu a rumbun, wato Entra ID, wadda kafin 2023 ake kira Azure AD.

Haɗarin da ya fi girma shi ne satar hatimi. A 2020, a kutsen SolarWinds, maharan sun saci mabuɗan sa hatimi, suka ƙirƙiri takardun jabu, suka karanta imel na hukumomin Amurka, har da Ma'aikatar Kuɗi.

Mai fassara ya kula da kalmomi biyu da ake yawan cuɗawa. "Tantancewa" ita ce tabbatar da cewa wane ne. "Izini" kuwa shi ne abin da aka yarje masa ya taɓa. Ɗalibi da malami duk rajista ɗaya ke tantance su, amma malami kaɗai ke da izinin shigar da maki.